TABON SALANSA

Na san waɗanda suka saba karanta littattafaina na soyayya za su buɗe wannan shafi su ce, "Yau kuma me ya kai ta gareji?" Ku yi haƙuri ku biyo ni a hankali. Ba da son raina na je ba, ƙafata ce ta kai ni.

Kwanakin baya muna gidan biki ana ƙunshi, kowa ta ɗage zani zuwa gwiwa tana jiran mai lalle ta iso kanta, sai wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta ƙura wa sharaɓata ta dama ido. Ta ce, "Ke ma salansa?" Na ce, "Ni ma salansa." Sai ta juyo da tata ƙafar ta nuna mini. Kafin ki ce kwabo an shiga baje koli. Mu tara ne a ɗakin, mu huɗu muna da tabo iri ɗaya, a ƙafa ɗaya, kusan a wuri ɗaya, kamar tsagar gado. Aka yi ta shewa ana tafawa. Na taya su dariya, amma tawa iyakarta leɓe, domin a gidana akwai tabo na biyu wanda ba ya ba ni dariya. Labarinsa zan ba ku.

A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabo. Maigidana ya duba ya ga 'yar akwalar motarsa za ta cinye mana abincin gida, sai ya sayar da ita ya sayo babur na hannu, mai inji 125. Ban yi baƙin ciki ba. Babur ɗin nan shi ke kai yara makaranta, shi ke ɗauko buhun masara, shi ke kai ni gaishe da mahaifiyata. Ga shi da kunya kamar amarya, in Malam ya shigo layi ba ka jin komai sai ɗan gunji ƙasa-ƙasa.

To, akwai ƙanin mijina, ɗan saurayi mai ji da kansa, abokin wasana. Wata Juma'a ya ari babur ɗin ya ce zai je ɗaurin aure. Da la'asar sakaliya ina tankaɗe sai na ji wata irin ƙara daga bakin layi, tatatata, kamar ana ɓarin wuta. Kajina suka watse, jaririn maƙwabta ya tsala ihu. Sai ga shi ya turo babur zaure yana washe baki. Na ce, "Kai kuma wace tsiya ka yi masa?" Ya ce, "Haba matar Yaya, gyara na yi masa kyauta. Na sa an fasa salansar an zare kayan cikinta, yanzu numfashi yake yi sosai. Ki ji yadda yake amsawa!" Ya murɗa totur har kwanon rufinmu ya amsa.

Da na duba sai na ga wani ɗan faifan ƙarfe mai ƙyalli da ke rufe da gefen salansar, daidai inda nake ɗora ƙafa, babu shi. Na tambaya. Ya ce ai dama kwaramniya yake yi, notinsa ɗaya ya faɗi, shi ya sa mai walda ya ɓalle shi ya jefar. Malam ya dawo ya ɗan yi faɗa sama-sama, ya hau ya zagaya layi, ya dawo yana murmushi ya ce, "Kamar kuwa ya ƙara ƙarfi." Daga nan magana ta mutu. Ni kuwa na ja bakina na tsuke. A raina na ce harkar babur ta maza ce, ina ruwan biri da gada.

Ba a yi sati uku ba muka dawo daga gaisuwar rasuwa, tafiyar kusan awa ɗaya cikin rana. Muna tsayawa a ƙofar gida zanina ya harɗe, na karkata dama don in dafa ƙasa, sharaɓata ta manne da ƙarfen nan. Wallahi na ji ƙarar fatata, cuuu, kamar an jefa albasa a mai. Gefen hijabina na roba ya narke ya liƙe a jikin salansar. Maƙwabta suka taru, kowa da maganinta. Wannan ta ce makilin, waccan ta ce ɗanyen ƙwai, wata tsohuwa ta ce manja da gishiri. Duk na shafa. Bororon da ya taso na fasa shi da allura. Ciwon nan ya yi ruwa, ya yi wari, sai da na yi wata guda da 'yan kwanaki ina ɗingishi. Kowa ya zo dubiya sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ni ma haka na ce. Ko sau ɗaya ban buɗe baki na ce wa Malam a mayar da faifan nan ba. Kunya nake ji kada a ce na cika ƙorafi a kan abin da ban sani ba.

Ku dubi wautata, 'yan uwa. Macijin da ya sare ni, na bar shi yana kwana a tsakar gidana.

Autata a lokacin shekararta ɗaya da wata bakwai, ba ta tafiya sai da dafe-dafe. Wata ranar Talata Malam ya dawo daga kasuwa ya jingine babur a tsakar gida ya shiga wanka. Ni ina kicin ina tuƙa tuwo. Yarinyar nan ta ga babur ɗin babanta, ta taho da murna, ta miƙa hannu ta kama abin da ya yi daidai da tsawonta. Ƙarar da ta yi har gobe tana cikin kunnena. Na yar da muciya na fito a guje, na tarar tafin hannunta ya yi fari fat.

Allah ya sa maƙwabciyarmu ta jikin katanga ta taɓa aikin jinya. Ta shigo ko mayafi babu, ta tarar ina lalube ina neman makilin. Ta daka mini tsawa ta ce, "Ajiye wannan! Kawo ruwan randa!" Ta riƙe hannun yarinyar muna ta kwarara masa ruwa buta bayan buta, tana kallon agogo, har minti 20. Sannan ta rufe da tsabtataccen ƙyalle ta ce mu nufi asibiti yanzu yanzu. A can likita ya ce ruwan nan ya taimaka ƙwarai, amma ƙunar tafin hannun yaro ba abin wasa ba ce, domin in ta warke a dunƙule yatsu suna iya ƙagewa. Sati shida muna zaryar wankin ciwo. Kullum sai na danne 'yata ana ɓare bandeji tana kallon idona tana kiran Umma. Wadda ta haifa ta san abin da nake nufi.

A daren farko da muka dawo daga asibiti na kasa barci. Na tarar da Malam zaune a tsakar gida ya zuba wa babur ɗin ido. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Malam, ina da magana, in ka ba ni izini." Ya ce, "Faɗi." Na ce, "Gobe in za ka kai babur ɗin nan wurin gyara, da ni za a je. Ina so in ji da kunnena me aka cire masa, kuma don me kamfani ya sa shi tun farko." Na zaci zai ce me mace za ta yi a gareji. Ya daɗe bai yi magana ba, can ya ce, "Ki shirya da wuri."

Wurin wani dattijon bakanike muka je, wanda ya ce mana tun zamanin Vespa yake wannan sana'a. Ya shimfiɗa mini kwali a kan benci, ya tayar da babur ɗin ya saurara, ya girgiza kai ya kashe. Na gaishe shi na ce, "Baba, ni jahila ce a nan, ka yi mini bayani kamar yadda za ka yi wa jikarka." Ya yi dariya ya ce, "'Yata, matambayi ba ya ɓata. Shekarata nawa a nan, ke ce mace ta farko da ta tambaye ni, alhali ku ne kuke zama a kan wutar."

Ga abin da na koya a wurinsa, da ɗan abin da na ƙara bincikawa daga baya.

Injin babur wuta ce ke ci a cikinsa. Fetur da iska suna haɗuwa, filogi ya kyasta, su fashe su tura fistan, haka dubban sau a minti ɗaya. Hayaƙin da ke fitowa daga wannan fashewa zafinsa yakan haura digiri 600. Ku tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa, man da muke suyar ƙosai kuma bai fi 180 ba. Wuyan salansa, wato siririn bututun da ya fito daga inji, yakan wuce digiri 300, jikinta mai kauri da ke kusa da ƙafar fasinja ma yakan fi tafasasshen ruwa zafi in an yi doguwar tafiya. Fatar mutum kuwa ƙarfe mai digiri 70 ya isa ya ƙone ta cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ta yaro ta fi haka saurin ci don ta fi laushi. Kuma kashe babur ba ya kashe zafin nan take, sai a yi kusan rabin awa ƙarfen bai huce ba.

Faifan da aka jefar, Baba ya ce shi ne garkuwa. Ba manne yake da salansa ba, akwai 'yar tazara kamar faɗin yatsa a tsakaninsu, iska na ratsawa. Kamar fulas ɗin shayi ne, bango biyu, ciki na tafasa waje kina riƙewa. Zai yi ɗumi, amma ko kin goge shi da ƙafa za ki janye kafin fata ta tashi. Ya ce, "Kwaramniyar da ta dame su, noti ɗaya da wasa ɗaya ne maganinta."

Sai maganar ƙarfi. A cikin salansa akwai 'yan ɗakuna da bututu masu huji-huji, hayaƙi yana bi yana lanƙwasa har ƙararsa ta mutu kafin ya fito. Su ne aka zare. Na ce, "To Baba, ba gaskiya ba ne in an buɗe masa hanya ya fi gudu?" Ya ce a manyan baburan tsere akwai gaskiya a ciki, amma su ba fasawa suke yi da guduma ba, salansa ce ta musamman da aka auna tsawonta da faɗinta, sannan a sake daidaita shan man injin gaba ɗaya. Irin namu kuwa duk ƙarfinsa bai wuce na doki 8 zuwa 11 ba. In an huje salansarsa abin da zai ƙaru ba ya taka kara ya karya, sau da yawa ma ƙarfin tashi raguwa yake yi, wanda shi ne ake buƙata in an ɗauko mace da goyo da buhu. Ya kalli Malam ya ce, "Kunnenka ne ya ji gudu, ɗana, taya ba ta ji ba."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, fasa salansa ƙara wa injin zafi yake yi. Kabureta aikinta auna fetur da iska, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur in an auna da nauyi, kuma kamfani ya daidaita ta ne da salansar da babur ya zo da ita. In an buɗe bayan ba a taɓa kabureta ba, sai iska ta rinjayi fetur. Kin san kurfoti in kin matsa masa fifita, yadda gawayi ke yin jajur ya cinye da wuri? To haka. Baba ya kwance filogi ya nuna mana kansa ya yi fari kamar toka, ya ce lafiyayye launin shayi mai madara yake yi. Ya nuna mana wuyan salansar ya koma shuɗi-shuɗi. Ya tambayi Malam, "In ka saki totur yana yi maka fat-fat?" Malam ya ce ƙwarai. Ya ce, "Da ka ƙara 'yan watanni a haka, da bawul ya ƙone, ka sauke inji." Mai son buɗe salansa dole ya canza wani ɗan ƙaramin bututun tagulla mai ƙofa kamar ta allura a cikin kabureta, wanda suke kira jet, ya sa mai faɗi. In ya yi haka kuma shan mai ya ƙaru. A wannan marra ta tsadar fetur, garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ya ƙara da cewa babura masu hayaƙi, waɗanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur irin Vespa ta da da Jincheng AX100, su lamarinsu ya fi tsanani, domin siffar salansar tana cikin abin da ke ba injin ƙarfi. In irinsu suka yi sanyi, yawanci baƙin dauɗar hayaƙi ce ta toshe hanya, maganin a kwance a wanke ko a ƙone dauɗar a mayar, ba a farke cikin ba.

Na tambaye shi wani ƙyalle mai kama da bandeji da nake gani samari suna naɗe wuyan salansa da shi. Ya ce da zaren gilashi ake saƙa shi, wuta ba ta cinsa. Yana tsare zafi a cikin bututu, yana rage hucin da ke bugun ƙafa, amma kada a yarda da shi ɗari bisa ɗari, in yaro ya kama zai ƙone. Da damina kuma yana shan ruwa ya riƙe, tsatsa ta ci ƙarfen ta ƙarƙashi ba a gani ba. Ya ja kunnenmu da igiyar asbestos, dangin abin da ake silin na da da shi, domin ƙurarta in ta shiga huhu tana jawo cutar daji bayan shekaru. Shi a ganinsa babu abin da ya kai garkuwar ƙarfe mai tazara, a sa ɗaya a wuya, ɗaya a gefen ƙafar fasinja.

Haka aka yi. Muka sayi cikakkiyar salansa irin ta asali, aka ɗaura garkuwa biyu, aka wanke kabureta, aka sa sabon filogi. Duka kuɗin bai kai rabin abin da muka kashe a wankin ciwon Auta ba. Da muka shigo layi da yamma babu wanda ya san mun dawo sai da muka yi sallama. Maƙwabciyata mai jego ta leƙo ta katanga ta ce, "Allah ya yi muku albarka, yau ɗana zai yi barci." Sai a lokacin na gane wata nawa muka yi muna cutar mutane suna haƙuri da mu. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in ana jinta awa 8 kullum, tana lalata ji a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Fasasshiyar salansa ta fi haka ƙara, ga yaranmu a kanta safe da yamma.

Ƙanin mijina ya zo ya durƙusa har ƙasa yana hawaye. Ban riƙe shi a zuciya ba, yaro ne, abin da ya ga sa'o'insa na yi ya yi. In laifi ne, ni babba da na ƙone na yi shiru ina da nawa kason. Yanzu shi ne ke hana abokansa.

Don haka 'yar uwa, yau in maigida ko yayanki ya dawo, bari babur ya huce ki je ki duba gefen dama, domin a nan salansar yawancin baburanmu take. Garkuwar tana nan? Tana motsi? In babu, ki nemi lokacin da ransa ke sanyi ki yi magana da ladabi, ki kawo hujja. Namiji in kin ce masa ƙafata, yana iya cewa ki riƙa kula. In kin ce masa injinka na ƙonewa, mai na tafiya a banza, zai tashi zaune. Ki faɗa masa duka biyun.

In za ki hau ko za ki sauka, ta hagu. Ki tattare zani da hijabi, musamman na roba, shi narkewa yake ya liƙe a fata. Kada a sauke yaro ta dama, kada a bar shi ya sauka da kansa. In babur ya shigo gida, a juya gefen salansa ya kalli bango, a tsare masu rarrafe har ya huce. Kada a tayar da shi a bar shi yana ɗumi a rufaffen zaure ko kusa da tagar ɗaki, hayaƙinsa na ɗauke da guba marar launi marar wari, irin ta janareta da ke kashe mutane cikin barci.

In kuma tsautsayi ya faɗa, ruwa mai sanyi na famfo ko na randa, a yi ta kwararawa minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da makilin, ƙwai, manja, gishiri ko baƙin mai. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta liƙe kada a fizge ta. Kada a fasa bororo. A rufe da ƙyalle mai tsabta. In yaro ne, ko ƙunar ta kai faɗin tafin hannun mai ita, ko tana hannu, fuska ko gaɓa, ko ta yi fari ba ta zafi, to asibiti kai tsaye, a kuma tambayi allurar tetanus.

Auta ta warke, yatsunta biyar suna miƙewa, har ta fara riƙe fensir tana ɓata mini takardun rubutu. Sai dai tsakiyar tafinta akwai wani wuri mai santsi da ba ya kama lalle sosai. Ranar sallah da na yi mata ƙunshi ta buɗe hannun ta ce, "Umma, nan bai yi ja ba." Na ce mata zai yi in ta girma. Ban sani ba ko wata rana za ta zauna a gidan biki ta nuna nata ana dariya, ni dai fatana a ɗakin ya zama ita kaɗai ce mai shi.

Allah ya tsare mu da zuri'armu, ya kiyaye masu fita nema a kan ƙafa biyu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.